Jirgin Ruwa a Kan Hanyar Gure

Wanda ya bar Damagaram da sassafe ya nufi gabas a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, kafin rana ta take tsaka ya shiga Gure, domin tafiyar ba ta wuce kilomita 170 ba. Zai wuce Mirya da lambunanta, ya gangara Gidimuni inda ruwa ke kwance a gindin dabino, ya ratsa kasuwar Gidigir. Daga nan gonakin gero sukan fara ja da baya, tuddan rairayi su matso bakin kwalta, baƙaƙen duwatsun ƙasar Muniyo su ɓullo ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin tuddan akwai kwaruruka, waɗanda matafiyi ba ya gani sai ya zo daf da su: goruba ta kewaye baki, dabino da rake da rogo a ciki, kanwa ta yi fari fat a tsakiya. Gure ba ta da kogi, ruwan saman da take samu a shekara bai fi milimita 300 da ɗan wani abu ba. Amma duk kayan da suka taso daga yamma za su Gudumariya, Maine, Difa da Gigimi, ta nan suke bi, tun da aka shimfiɗa wannan kwalta da taimakon ƙasar Kanada a farkon shekarun 1970 aka sa mata suna Hanyar Haɗin Kai. Idan wata rana jiragen faiba za su maye gurbin na katako a kogin Komadugu da tafkin Cadi ta ɓangaren Nijar, to a bayan mota za su ratsa Gure. Ra'ayina shi ne bai kamata su ratsa ta a matsayin jirage gamammu ba. Abin da ya dace ya bi wannan hanya shi ne mazubi, da sassan jirgi, da mutanen da suka iya haɗawa da gyarawa.

Tarihin tafkin kansa ya goyi bayan haka. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth ya sauka Gure a watan Disamba na 1852, a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, lokacin garin yana fadar Muniyoma Koso, mai biyayya ga Shehun Borno. Ayarin da Barth ya fito a cikinsa daga Tarabulus a 1850 ya ɗauko jirgin ruwa da aka ƙera a tsibirin Malta, aka rarraba shi gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, suka tsallake Sahara da shi. A bakin tafki aka sake harhaɗa shi, abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya shiga cikinsa a 1851 ya zaga tsibiran ƙabilar Buduma. Bafaranshe Émile Gentil ma da ya iso tafkin ta kogin Shari a 1897, jirginsa mai tururi, Léon Blot, kwance shi aka yi ƴan dako suka ɗauka a ka daga wannan kogi zuwa wancan. Haka Boyd Alexander na Ingila ya shigo a 1904 da jiragen ƙarfe biyu masu kwancewa. Waɗannan mutane leƙen asiri da mulkin mallaka suka kawo su, ba abin yabo a manufarsu. Sai dai matsalar da suka ci karo da ita tana nan har yau: ruwa ne a tsakiyar ƙasar da ba ta da itacen jirgi, mai nisan sama da kilomita dubu daga kowace gaɓar teku.

Ba kullum ƙasar take haka ba. A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a zurfin kamar mita biyar. Da masanan jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, sassaƙaƙƙe daga gungume ɗaya na dangin maɗaci, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin da aka gano a Afirka da ya girme shi. Wancan zamanin akwai daji mai irin wannan itace a inda yau sai ƙaya da rairayi. Da itace ya ƙare, Buduma suka koma ɗaure ciyawar ruwa dami-dami su yi jirgin da suke kira kadai, kuma gwanintarsu ta kai har Thor Heyerdahl na Norway ya ɗauki maɗaura daga tafkin Cadi a 1969 zuwa Masar suka ɗaura masa jirgin Ra, wanda ya yi dubban kilomita a tekun Atlantika kafin ya saki. Amma jirgin ciyawa yana shan ruwa, cikin watanni yake nauyi ya lalace, ba ya kuma ɗaukar inji. Da Hausawa masunta suka kwararo tafkin daga shekarun 1960 da komar nailan da cinikin banda, jirgin katako na ƙusa ya mamaye ruwan, kuma katakon daga dazuzzukan kudu ake kawo shi a babbar mota, kafinta ya haɗa a bakin gaɓa. Saboda haka wanda ya ce faiba kayan waje ne, katako kuwa na gida, bai duba inda katakon ya fito ba. Abin da ke na gida a jirgin katako shi ne hannun kafinta, da kuɗin aikin da ke zama a gari, da kasancewar in jirgi ya fashe da safe za a iya toshe shi kafin la'asar. Duk sabon abin da za a kawo, da wannan mudu ya kamata a auna shi.

Kiran a koma faiba ya fi ƙarfi a Najeriya, kuma akwai dalili mai zafi a bayansa. A watan Mayu na 2021 jirgin katako ɗauke da fasinja fiye da 150 ya tsage a kogin Kwara a kan hanyarsa ta zuwa Warra a jihar Kebbi, ƴan kaɗan suka tsira. A ƙarshen Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Bayan kowane irin wannan rashi hukumomi sukan ce a daina amfani da jiragen katako a koma na faiba ko alminiyom. Faiba kuwa abu biyu ne aka aurar. Ɗaya zaren gilashi ne mai laushi da ake saƙawa kamar yadi ko a baza shi kamar tabarma. Shi ke ɗaukar nauyi. Ɗayan rezin ne, wani danƙon sinadari da ake samu daga man fetur, wanda in an ɗiga masa maganin daskarwa kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari yakan yi zafi ya sandare, ba ya kuma sake narkewa. Shi ke riƙe zaren ya hana ruwa shiga. Tun 1942 Ray Greene ya ƙera jirgi da wannan haɗi a Toledo ta Amurka. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, ba ya buƙatar toshiya kowace shekara. Ƙarfinsa duka ya dogara ne ga yadda aka jiƙa zaren da rezin, kuma a nan hanyoyin aiki suka rabu biyu.

Hanya ta farko ita ce ta hannu. Ana goge mazubi, wato kwatancin jirgin da aka ƙera a juye, a shafe shi da kakin da zai hana aiki mannewa, a fesa ko a shafa masa fenti mai kauri wanda zai zama fatar waje. In ya ɗan kama, sai a shimfiɗa tabarmar zare, a ɗebo rezin da burushi a daddanna, a bi da ƙaramin abin mirginawa na ƙarfe mai tsaga-tsaga ana korar kumfar iska har farin zaren ya koma garau kamar ba shi. Shimfiɗa kan shimfiɗa ake yi har kauri ya kai. Kayan aikin ba su wuce bokiti, burushi, almakashi, ma'auni da safar hannu ba, babu buƙatar lantarki sai wajen yanka da gurza. Aibinta shi ne tana cin rezin: a aikin tabarma, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin abin rezin ne, zare kashi ɗaya kawai. Ingancin kuma yana hannun ma'aikaci. In ya gaji ko ya yi gaggawa zai bar busasshen wuri ko kumfa, ba mai gani sai ranar da jirgi ya bugi wani abu. Ga warin sinadarin sitirin da ke tashi daga buɗaɗɗen rezin, mai sa ciwon kai da jiri, wanda ma'aikaci ke shaƙa yini guda.

Hanya ta biyu ita ce ta zuƙo, wadda masu ƙera jiragen tsere da fukafukan injin iska suka runguma, musamman bayan Bill Seemann na Amurka ya yi rajistar salonsa mai suna SCRIMP a 1990. A nan busasshen zare ake jerawa gaba ɗaya a cikin mazubi, ba gaggawa, ana iya yin kwana biyu ana gyara zamansa. In ana son kauri ba nauyi, sai a sa allon soso mai tauri a tsakiya, zare sama da ƙasa. A kai a ɗora wani ƙyalle da za a ɓare daga baya, sai raga ta roba da rezin zai bi, sai siraran bututai, ɗaya na shigar rezin, ɗaya na fitar iska. A rufe duka da leda mai ƙarfi, a liƙe bakinta da danƙo a gefen mazubi, a tada injin zuƙar iska. Ledar takan lafe ta matse kayan, domin iskar sararin duniya na danna kowace murabba'in mita da nauyin da ya kusa tan 10. Daga nan a kashe injin a zuba wa agogon awo ido na mintoci: in allura ta motsa, akwai huda, kuma sai an nemo ta ko da ta kai tsinin allura ƙanƙanta. In ta tsaya cik, a dama rezin, a tsoma bututu a bokiti, a buɗe. Za ka ga duhun rezin yana tafiya a ƙarƙashin leda yana cinye farin zare, kamar yadda shayi ke hawa ƙwayar sukari in an taɓa gefenta a kofi. Kafin ya isa injin akwai tukunyar tarko da ke tare shi. Abin da ke fitowa washegari ya juya lissafin aikin hannu: zare kusan kashi biyu cikin uku, rezin kashi ɗaya, babu kumfa, ba nauyi, kuma wari ya zauna a cikin leda bai shiga huhun kowa ba. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ban ga laifin wanda ya gan shi ya yi sha'awarsa ba.

To, a ɗauko wannan aiki a ajiye shi a Gure a watan Afrilu. Masu yin rezin suna tsara shi ne don ɗaki mai zafin digiri 18 zuwa 25, kuma ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce duk ƙarin digiri goma yana rage lokacin daskarewa da kusan rabi. A bazarar Gure da Difa zafi na haura 40 a inuwa, a ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka. Mai aikin hannu yana da mafita, ya dama kaɗan-kaɗan, kofi ɗaya ya ƙare ya dama wani. Mai zuƙo ba shi da wannan dama, dole rezin ya ratsa jirgin duka a tafiya ɗaya, in ya daskare a rabin hanya an yi asarar zare da soso da rezin gaba ɗaya, ba a gyarawa. Babban bokitin da aka dama ma yakan tara zafin kansa ya yi hayaƙi. Lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Janairu, zafin ya dace, amma lokacin ne hunturu ke cika ko'ina da ƙura, ƙurar da in ta kwanta a gefen mazubi danƙon liƙi ba zai kama ba. Injin zuƙa kuma ba ya son a ɗauke wuta ko na minti biyar kafin rezin ya kama, kuma mutanen Nijar ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, da Najeriya ta yanke wutar da take ba su bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Rezin ɗin zuƙo ma na musamman ne, tsararo. Na kasuwa da ake aikin hannu da shi kauri gare shi, in aka tsinka shi da ƙarin sitirin ƙarfinsa ya ragu. Gangar rezin ba ta wuce wata shida a ajiye ko a wuri mai sanyi, ga tafiyar Legas zuwa Kano zuwa Damagaram a bayan mota cikin rana. Leda da raga da bututu da danƙo kuwa sau ɗaya ake amfani da su a zubar. Duk waɗannan ana iya shawo kansu a ɗaki ɗaya rufaffe mai batir da hasken rana, ana aiki da asuba, a kan abu ƙarami. A kan jirgi mai mita goma sha biyu a bakin tafki, caca ce.

Ko da an shawo kan zafi da ƙura, tafkin kansa yana da abin cewa. Wanda ya wuce Maine ya isa Difa zai tarar da Komadugu, kogin da ke samun ruwansa daga Haɗeja da Jama'are, mai cika a kaka ya janye a rani, gonakin tattasai a gaɓarsa. Daga Difa zuwa Gigimi kilomita 130 ne ko kusa da haka, kuma Gigimi da take bakin ruwa a shekarun 1960, lokacin da faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, yau sai an yi tafiya kafin a ga ruwa. Farin 1973 ya raba tafkin gida biyu, kwarin arewa da Nijar ke ciki ya bushe sau da dama a shekarun 1980. A busasshen gindinsa ƙayar Prosopis ta yi daji, da ruwa ya dawo ya kashe ta a tsaye, kututtura suka rage a ƙarƙashin ruwa suna yaga koma suna bugun jirage. Ruwa ne marar zurfi, ana tura jirgi da gwangwala, ana jan sa a kan rairayi, ana loda masa buhunan masara da kwalayen banda da awaki. Amfanin zuƙo shi ne sirantaka da rashin nauyi, abin da mai tseren jirgi ke biya da tsada. Amma siririyar fata a kan soso ita ce abin da kututture ya fi saurin hudawa, in ruwa ya shiga tsakanin fata da soso kuma gyaran ya fi ƙarfin mai burushi. Gindin jirgin tafkin Cadi kauri yake so, zalla ba soso, kuma yawan rezin da ake zargin aikin hannu da shi a nan ya zama kariya. Ɗan nauyin da ya ƙaru ba ya damun jirgin da aikinsa dako.

Akwai kuma abin da masu kiran a koma faiba ba su cika faɗa ba, alhali shi ya fi kome muhimmanci. Katako yana yawo a kan ruwa. Jirgin katako in ya cika da ruwa sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa mutane su riƙe gefensa. Faiba ya fi ruwa nauyi da rabi ko fiye, jirgin faiba da ya cika da ruwa ƙasa yake yi kai tsaye, da injinsa, sai fa in an gina masa akwatunan iska ko na soso a gaba da baya da ƙarƙashin kujeru. Hatsarin Bagwai da na Warra lodi fiye da kima na cikin manyan dalilansu, ga rashin rigar ceto, kuma faiba ba ya hana mai jirgi ƙara fasinja. Abin da ke ceton rai shi ne jirgin da ba ya nutsewa ko ya kife. A nan ne zuƙo ya sami gurbinsa na gaskiya. Akwatin hana nutsewa, da allon kujera, da bangon da ke raba cikin jirgi, da murfi, da akwatin ƙanƙara na ɗanyen kifi, duka shimfiɗaɗɗun alluna ne masu soso a tsakiya. Ba sa buƙatar mazubi mai lanƙwasa, a kan teburin gilashi ko na fomaika ake zuƙo su, allo ɗaya cikin ƙasa da rabin sa'a, in ɗaya ya ɓaci asarar kaɗan ce. Ana iya yin su a Damagaram a watannin sanyi, a jera ɗari a mota ɗaya su ratsa Gure, a yanka su da zarto a Difa ko Bosso, a manna su da tabarma da burushi. Kuma ba sai an jira jirgin faiba ba: ana iya ɗaura irin waɗannan akwatuna a jiragen katakon da ke kan ruwa yau.

Wani zai ce wannan duk zagaye ne, gwamnati ko ƙungiyar agaji ta sayo jirage gamammu daga Legas ko Fatakwal ta raba, a huta. An gwada irin wannan a babban sikeli bayan igiyar tsunami ta Disamba 2004, da aka kwarara kuɗin agaji a Sri Lanka da kudancin Indiya aka ƙera dubban jiragen faiba cikin gaggawa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yi ta kokawa da cewa da yawansu sirara ne, an yi su ba ƙwarewa, wasu ba su dace da gaɓar da aka kai su ba. Jirgin da aka zana don ruwan Neja Delta mai zurfi da injin gudu ba shi ne na mai gwangwala a cikin ciyawa ba. Ga lissafin mota: jirgi gamamme iska ce akasarinsa, tirela ɗaya ba ta ɗaukar fiye da ƴan ƙalilan, kuma kwaltar da ke gabas da Gure, inda rairayi ke hawa hanya, ba ta tausaya wa kaya. Abin da ya fi wannan muni shi ne ranar da jirgin kyauta ya huje. In babu mai rezin da tabarma a garin, za a ja shi gefe a kife, mai shi ya koma wurin kafinta. Mazubi ɗaya kuwa, in an kula da shi, yana fitar da jirage masu yawa, kuma wanda ya iya zubawa ya iya faci.

Wani kuma zai ji tsoron a kashe wa kafintoci sana'a. Tsoron yana da tushe in jiragen daga nesa za su zo. In a gida za a yi, kafinta ne farkon wanda ake nema, domin kafin a sami mazubi sai an ƙera jirgin asali da katako, a goge shi sumul, a zuba faiba a kansa a ɓare. Siffar da za a kwafa ita ce wadda masu tafkin suka riga suka yarda da ita, mai shimfiɗaɗɗen gindi da dogon baki, kuma a kan kafinta take. Bakin jirgi, da wurin ɗaura inji, da katakon da ke kare gindi daga gurzar rairayi, duka aikinsa ne har gobe. Sauran ƙwarewar ma ba daga sama za ta faɗo ba. Masu gyaran jikin mota a Damagaram da Maraɗi da Kano kullum suna dama cikon da ake shafa wa mota da ɗan maganin daskarwarsa, kuma wannan ciko dangin rezin ɗin jirgi ne. Sun san yadda zafi ke sa shi kamawa a hannu. Maƙeran tukwanen alminiyom sun san mazubi, sun san abin da ke sa zubi ya fita da abin da ke sa ya maƙale. Abin da za a koya musu sabo shi ne awo da sikeli maimakon ƙiyasi da ido, da tsabtar wurin aiki, da sa abin rufe hanci wajen gurza, da raba maganin daskarwa da wuta da rana, domin yana iya tashi gobara.

Hujjar da ta fi nauyi a kan duk wannan ita ce ta kuɗi, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. Ƙasar Gure da Manga tana fitar da ƙaro daga dakwara, amma ƙaro narkewa yake a ruwa, amfaninsa na tawada da abinci da magani ne. Ɗanyen man Agadem yana zuwa matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, ganga 20,000 a rana, amma fetur da gazuwal da iskar gas take fitarwa, ba ta yin sinadaran rezin. Kowace ganga da kowane nadi na zare daga waje za su zo, da kuɗin waje, ta iyakokin da siyasa ke rufewa da buɗewa, kamar yadda aka rufe ta Benin a 2023. Jirgin faiba ya fi na katako tsada ranar saye, ribarsa sai an yi shekaru ba a sake saye ba, masunci kuwa da bashin dillalin kifi yake sayen jirgi, ba ya lissafin shekara goma. Wannan hujja, in an bi ta har ƙarshe, sassa take goyon baya. Wanda ba zai iya sayen sabon jirgi ba zai iya sayen akwati biyu na hana nutsewa. Matan da ke sayen kifi za su iya haɗa kuɗi su sayi akwatin ƙanƙara ɗaya, kifin da da sai an banda shi da itacen da babu ya isa Difa ɗanye. Rezin kaɗan ake buƙata, kuma zuƙo, da yake ba ya ɓarnar rezin, a kan irin waɗannan alluna yake mayar da kuɗin ledarsa.

Saura abu biyu da duk mai wannan shiri zai tarar a gabansa. Na farko shi ne tsaro: bayan harin Boko Haram a Bosso da Difa a watan Fabrairu na 2015 aka sa yankin ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibirai, aka hana kamun kifi da cinikinsa na tsawon shekaru kafin a sassauta. Jirgi mai sauƙi mai gudu abin zargi ne a idon soja, kuma da gaskiyarsu. Jirgin dako mai kauri, da akwatin kifi, da kujerar da ke hana nutsewa ba sa tsorata kowa, ana iya yi musu lamba da rajista a wurin zubi, abin da ya fi sauƙi in masu zubin sanannu ne a gari. Na biyu shi ne shara. Jirgin katako in ya mutu ya zama itacen girki, na faiba kuwa ba ya ruɓewa, ƙona shi hayaƙi ne mai guba, kuma ko ƙasashen Turai ba su gama sanin yadda za su yi da tsofaffin jiragensu ba. Tafkin da ƙasashe huɗu suka kafa wa hukuma tun 1964 don kula da shi bai kamata a cika gaɓarsa da gawar jiragen agaji ba. Wannan ma dalili ne na yin kaɗan masu kauri da za a yi ta faci shekara da shekaru, da kuma tanadin rami ɗaya a bayan wurin aiki inda za a binne leda da raga da ragowar rezin bayan ya daskare, nesa da rijiya da kwarin da ake noma.